Wayoyi huɗu na fankar GPU a laftof: launi ba shaida ba ne

Tambaya: "Assalamu alaikum Oga. Ni ɗalibi ne a nan Jos, ina ɗan koyon gyara, kuma da laftof ɗina nake haɗa bidiyon biki in samu na kashewa. Fankar da ke gefen katin girafik ta yi ta kuka kamar injin markaɗe, daga baya ta tsaya cak. Na samo wata a jikin mataccen laftof, girmansu ɗaya, kowacce waya huɗu, amma launin bai zo ɗaya ba. Tawa baƙi, ja, rawaya da shuɗi. Waccan ja, baƙi, fari da ruwan ƙasa, jerin ma daban. In yanke in haɗa masu kama da juna? Ko in ja mata wuta daga USB in huta? Wai me fanka za ta yi da waya har huɗu?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Ajiye almakashin nan tukuna. Da ka haɗa launi da launi ba ka tambaya ba, da wataƙila yanzu ba maganar fanka muke yi ba, maganar bod, wato babban allon laftof, muke yi.

Ka fara cire wani abu daga ranka: fankar nan ba ta katin girafik ba ce, maƙwabtaka kawai suke yi. A kwamfutar tebur, katin girafik allo ne mai zaman kansa, da fankarsa da soket ɗinsa, shi ke ba ta umarni. A laftof kuwa, ban da 'yan manyan injinan masu zane da ke da katin MXM mai ciruwa, GPU ɗin, wato guntun da ke aikin girafik, a manne yake da dalma a jikin bod, fankar da ke kusa da shi ma a bod take shan wuta. Mai ba ta umarni wani IC ne, wato ɗan guntun lantarki, da muke kira EC, baƙi, mai kusurwa huɗu, ƙafafu sun zagaye shi, yawancin waɗanda ke zuwa teburina 128 ne. In ka duba za ka ga an rubuta ITE ko ENE ko Nuvoton a bayansa. Shi ne maigadin gidan. Ko laftof na kashe, shi idonsa biyu yana jiran a danna maɓalli; shi ke karanta kibod, shi ke lura da cajin batir, shi ke tambayar CPU da GPU zafinsu ya yanke wa kowace fanka gudun da za ta yi, bisa jadawalin da kamfani ya rubuta masa. Shi ya sa samari masu gem ke zuwa suna ƙorafi wai sun sa MSI Afterburner amma wurin ƙara gudun fanka ya ƙi taɓuwa. Ba laifin manhajar ba ne, ƙofar wani gida take bugawa. Na tsaya a nan ne saboda waya biyu cikin huɗun nan wurin EC suke tafiya, shi kuma da bolt 3.3 yake rayuwa, ba 5 ba.

Ita kanta fankar ba irin motar rediyon kaset ba ce da muke cirewa muna yara, mu sa mata batir, in mun juya waya ta juya baya. Wannan ba ta da burushi. A cikin cibiyarta akwai kwayil a tsaye, da zoben mayen ƙarfe a jikin fukafukan, sai ɗan IC ƙarami kamar ƙwayar shinkafa wanda ke lura da inda mayen ƙarfen yake yana sauya wa kwayil wuta a daidai lokaci. Ka juya masa wuta, ba baya zai yi ba, ƙonewa zai yi, domin da yawa daga ƙananan fankokin laftof ba a sa musu kariyar juyin wuta ba.

To ga aikin wayoyin. Biyu na ci da sha ne: ƙasa, wato negetif, da wuta. Ka karanta takardar da ke manne a bayan fankar, za ka ga abu kamar DC 5V 0.5A. Yawancin laftof bolt 5 ne, amma akwai na gem da ke amfani da fanka mai bolt 12, kuma a ido ba ka bambance su. Kafin komai ka ajiye tsohuwar da sabuwar gefe da gefe ka karanta. In taka 5 ce waccan 12, za ta yi ta jan ƙafa ko ta ƙi tashi. In taka 12 ce ka sa mai 5, za ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba na ɗan lokaci, sai wari. In lambar wuta ba ta zo ɗaya ba, magana ta ƙare, mayar musu da kayansu.

Ta uku wayar rahoto ce. A zanen bod za ka ga an kira ta TACH ko FG ko FAN_SPEED. Duk zagaye ɗaya da fanka ta yi, takan aika bugu biyu ta wannan wayar, EC yana ƙirgawa. Abin da ke ruɗa masu koyo shi ne ba wuta take fitarwa ba. A ciki ɗan makunni ne kawai da ke taɓa ƙasa ya saki, ya taɓa ya saki. Wutar daga bod take zuwa, ta wani rizisto, galibi 10k, da ke riƙe layin a bolt 3.3. Don haka in ka ba fanka wuta a kan tebur ka ɗora mitar auna wuta a wayar rahoto ba tare da rizisto ba, ba za ka ga abin kirki ba, ka ce ta mutu alhali lafiyarta ƙalau. In mitarka na da wurin Hz, mai ƙirga bugu a daƙiƙa, lissafin mai sauƙi ne: abin da ta nuna ka ninka shi sau 30. Ta nuna 150, fanka na zagaye 4,500 a minti ke nan. Wannan wayar ce in ta yi shiru HP ke tare ka da saƙon 90B tun kafin Windows ya buɗe, ThinkPad kuma ya rubuta maka kuskuren fanka ya ƙi wucewa.

Ta huɗu wayar umarni ce, PWM. A nan EC ba ya rage wa fanka wuta. Wutar na nan cikakkiya kullum. Abin da yake yi shi ne kunna wannan layin da kashe shi da saurin gaske. A ƙa'idar da Intel ta fitar wa fanka mai waya huɗu, sau 25,000 ne a daƙiƙa, an zaɓi hakan don ya wuce abin da kunnen mutum ke ji. Idan a kowane bugu lokacin kunnawa ya kai rabi, fanka ta yi matsakaicin gudu. Ya cika, ta sake jiki gaba ɗaya. Ka riƙe wannan, zai yi mana amfani sau biyu nan gaba: in wayar umarni ba ta haɗe da komai, yawancin fankoki gudu na ƙarshe suke yi. Da gangan aka yi su haka, gara ƙara da ƙonewa.

Tsofaffin laftof masu waya uku ba su da wannan. Su wutar ake ragewa da ƙarawa ta wani ɗan IC kusa da soket, irin su G991 ko APL5607, wanda ke karɓar ƙaramar wuta daga EC ya ninka ta sau 1.6 ya ba fanka. In ka auna irin wannan bod ka ga bolt 3 a wurin fanka, kada ka ce wuta ta faɗi, haka aka umarce shi. Ba matsalarka ba ce yau, amma za ka haɗu da ita.

Yanzu launi. Ko a kwamfutar tebur, inda akwai ƙa'ida a rubuce, ba a daidaita ba. Fankar da Intel ke sakawa a kwalin CPU, baƙi ƙasa ne, rawaya wuta, kore rahoto, shuɗi umarni. Wasu kamfanoni kuma baƙi, ja, rawaya, shuɗi, inda rawaya ta koma rahoto. Ka gani, launi ɗaya, a can bolt 12, a nan layin da ke shiga IC. A laftof abin ya fi haka lalacewa, domin babu wata ƙa'ida da ta ɗaure kowa. Delta, Sunon, Forcecon, ADDA, kowa yana ƙera wa mai laftof yadda ya yi oda, da jerin ƙafafun da ya zana a bod ɗinsa. Akwai waɗanda duka huɗun baƙaƙe ne. Gaskiya ne sau da yawa ja wuta ne baƙi ƙasa, kuma ni ma da wannan zaton nake farawa, amma zato ne, sai mita ta tabbatar. Kama da wane ba ta wane.

Ni a jikina na koya. Ina yaron shago, lokacin ko ayan ɗin narka dalma ba a cika bari in riƙe ba, aka kawo wani laftof mai irin ciwon naka. Na samo fanka, soket ya shiga daram, launi ya yi kama, na danna maɓalli. Ɗan hayaƙi ya fito siriri kamar na turaren tsinke. Ashe ja da baƙi a juye suke a soket ɗin. Fankar ta tafi, ta kuma ja layin bolt 5 ƙasa, injin ya ƙi tashi sai da aka zare ta. Ogana bai ɗaga murya ba. Mita ya ɗauko ya ajiye a gabana, ya ce daga yau ita zan riƙa tambaya ba idona ba, kuɗin fankar kuma daga kuɗin abincina aka cire.

Ga yadda za ka yi. Zare caja, buɗe bayan, cire soket ɗin batir daga bod kafin ka taɓa komai. Sa mita a wurin ƙara. Baƙin tsinke a kan zoben jan ƙarfe da ke zagaye ramin noti, ko a jikin ƙarfen USB, jan tsinke kuma ka bi ƙafafun soket ɗin fanka ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi ƙara ba yankewa ita ce ƙasa. Kada ka ƙirga manyan kunnuwa biyu na gefen soket, su riƙe shi suke yi, kuma sau da yawa su ma a ƙasa suke. Wata ƙafar za ta iya yin ɗan "ƙit" ta yi shiru. Wannan kafasito ne ke cika, kuma alama ce mai kyau cewa ita ce ta wuta. Duba da gilashin ƙara girma, za ka ga hanyarta ta fi sauran kauri, da ɗan kafasito a kusa.

Sannan ka mayar da wuta ka kunna, mita a DC, ka tabbatar da bolt 5 a wannan ƙafar. Layin nan a zane ana kiransa 5VS a bod da yawa, sai injin na kunne yake zuwa, don haka kada ka neme shi a kashe. A nan ne nake roƙonka ka natsu. Tsakanin ƙafa da ƙafa milimita 1 ne ko 1.25, wani ma bai kai ba, tsinken mita kuwa ya fi haka kauri. Ya zame ya haɗa ƙafar wuta da maƙwabciyarta, ka tura bolt 5 cikin EC. Wasu ƙafafunsa na jurewa, wasu ba sa jurewa, kuma ba ka san wacce ka samu ba sai bayan an yi. EC ya mutu, kibod ya mutu, caji ya tsaya, maɓallin kunnawa ya zama ado, kuma sabon ma sau da yawa sai an zuba masa manhajarsa kafin ya yi aiki. Garin neman gira ke nan. Ɗaure allurar ɗinki a bakin tsinken, ka naɗe ta da baƙin tef ka bar ɗan bakin kawai, ka kafa gwiwar hannu a tebur.

Saura biyu, rahoto da umarni. A gefen bod suna iya ruɗa ka, domin in babu fanka a jiki duka biyun na iya nuna maka 3.3. Ba sai ka sha wannan wahalar ba, tunda tsohuwar fankarka na nan, kuma soket ɗinta shi ne taswirar bod ɗinka. Ɗaga takardar bayanta a hankali inda wayoyin suka shiga. Sau da yawa akwai rubutu ƙanana a jikin allon, alamar tarawa, alamar ɗebewa, FG, da P ko PWM. Haka za ka yi wa sabuwar. In rubutun na nan a duka biyun, ka gama, sai ka gode wa Allah.

In babu, gwaji za ka yi a tebur. Ka ba sabuwar bolt 5 a wayoyin da ka tabbatar, kuma in shagon da kake koyo akwai injin ba da wuta mai ƙayyade amfiya, da shi za ka yi, ka fara da kaɗan, in ka ga ya ja wuta fanka ba ta motsa ba ka zare nan take. Ta tashi da cikakken gudu, sai ka ɗauki rizisto 1k, gefe ɗaya a ƙasa, ɗaya gefen ka taɓa wa ragowar wayoyin biyu ɗaya bayan ɗaya. Wadda ka taɓa fanka ta lafa ko ta tsaya, ita ce umarni. Wadda ka taɓa ba abin da ya canza, ita ce rahoto, kuma taɓa ta da ƙasa ba ya cutar da ita. Abin da ke kashe ta shi ne a ba ta bolt 5 kai tsaye ba rizisto, domin ɗan makunnin nan zai haɗa wuta da ƙasa ta cikin jikinsa. Akwai ƙalilan da ba sa tashi sai an ɗaga musu layin umarni. In ta yi shiru kuma ba ta jan wuta, gwada rizistan zuwa wayar wuta maimakon ƙasa kafin ka yanke mata hukunci. Tsohuwar ma, in boris ne kawai ya ci amma IC ɗinta na da rai, takan amsa wannan gwajin ko da tana gurnani.

Da ka san aikin kowace waya a ɓangarorin biyu, ba ma sai ka yanke ba in soket ɗin iri ɗaya ne. Kowace waya da ɗan harshen roba da ke riƙe ta. Ɗaga shi da allura, zare wayar, mayar da ita ramin da ya dace. Wannan ya fi tsafta. In soket ɗin daban ne, yanke na tsohuwar da ɗan tsawon waya, ka haɗa da dalma ɗaya bayan ɗaya, kowane haɗi da rigarsa ta robar nan mai tsukewa da zafi, kuma ka sassaɓa wuraren haɗin kada su jeru wuri guda. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatef ba ya zama a wurin da ke zafi yana girgiza. In ka musanya rahoto da umarni, yawanci ba ya kashe komai nan take, sai dai fanka ta yi ta ihu ko ta riƙa fizga, injin kuma ya ce ba ya ganinta. Kashe ka gyara, kada ka bar shi a haka.

Girmansu ɗaya da ka ce, ka sake dubawa. A laftof mai fanka biyu, ta hagu da ta dama kamar takalmi suke, bakin fitar iska da kwanciyar fukafukai sun saɓa. In ka samo ta gefen CPU, ko ta zauna, iskar ba za ta bi ta cikin matsefin ƙarfen nan da ke ƙarshen bututun jan ƙarfe ba, kuma can ne zafin yake fita. Kauri ma na da magana. Ta ɗara da ɗan kaɗan, murfi zai danne ta ta riƙa gogawa.

Maganar USB kuwa, za ta juya, ba musu. USB 2.0 na ba da bolt 5 da amfiya 0.5, USB 3.0 kuma 0.9, ka ga fanka mai 0.5 ta cinye rabon tashar ko fiye da rabinsa, kai kuma a nan kake jona hadis (hard disk) ɗin bidiyonka. Za ta yi ta gudu na ƙarshe ba hutu, boris ya ci da wuri. Wasu tashoshin ba sa ɗauke wuta ko an rufe injin, ka sa shi a jaka fanka na ta aiki har batir ya ƙare. In kuma ka bar wayar rahoto a sake, saƙon kuskure na nan yana jiranka duk kunnawa. Ban yarda da shi ba sai a matsayin na kwana biyu. Ko da a ce layin umarni ne ya lalace a bod, akwai hanyar da ta fi: bar fankar a soket ɗinta da wuta da ƙasa da rahoto, ka zare wayar umarni kaɗai ka rufe bakinta. Za ta yi cikakken gudu, ta tsaya in an kashe injin, EC kuma yana ganinta. Ƙara dai sai haƙuri.

Taka ta yi kuka kafin ta tsaya, don haka na yarda boris ne ko bushin. Amma tunda koyo kake, ka san cewa sanyin garin nan na ruɗar mutane. A Disamba da Janairu, da sassafe, injin da ba a sa shi aiki mai nauyi ba yakan kashe GPU ɗin gaba ɗaya, EC kuma ya bar fankarsa a tsaye. Na sha karɓar laftof daga 'yan jami'a wai fanka ɗaya ta mutu, in kunna FurMark, manhajar da ke ɗora wa GPU aiki mai nauyi, minti biyu ta tashi. Kai ma haka za ka gwada taka bayan ka haɗa: buɗe HWiNFO, manhajar da ke nuna zafi da gudun fanka, sa aiki mai nauyi, ka ga gudun na hawa tare da zafi yana kuma sauka in ka tsayar. Yawancin GPU na Nvidia a laftof suna fara rage wa kansu ƙarfi a wajen digiri 87. In kana kai wa nan da sabuwar fanka tana gudu, ba waya ba ce kuma. Leƙa tsakanin fanka da matsefin ƙarfen. Ƙurar hunturu da zaren bargo kan taru a nan su zama kamar tabarma, musamman ga masu ɗora injin a kan katifa saboda sanyi. Cire ta da burushi, ka sauya man da ke kan GPU in ya bushe. In za ka sa bulowa, danne fukafukan da yatsa. Fankar da iska ke juyawa da ƙarfi janareta take komawa, tana tura wuta baya, boris ɗin ma yana wahala.

Kafin ka taɓa ayan, ɗauki hoton takardar bayan fankokin biyu da na soket ɗin a kan bod, a wurin haske, ka turo mini tare da abin da mita ta nuna a kowace ƙafa. Akwai doguwar lambar kaya a takardar tsohuwar. Ka kwafe ta ka zaga da ita wurin masu kayan kwamfuta a Ahmadu Bello Way da kewayen Taminus. In aka dace da irinta sak, cusawa kawai za ka yi, waccan kuma ka ajiye ta don koyon gwajin rizisto.